Kai ne lambar, ko lambar taka ce?

A fadarmu akwai wani aboki da ya ƙware a eshek, wato darar Turawa, wadda muke bugawa a waya. Ran da makinsa ya kai 1800 sai ya daina wasa. Na ce, "Abokina, lafiya?" Ya ce, "Ai ni 1800 ne yanzu. In na sake bugawa na faɗi fa?" Wannan "ne" da ya faɗa ita ta tsaya mini a rai.

Mu fara duba asalin lambar. Arpad Elo, malamin fizik haifaffen Hungari mazaunin Amurka, shi ya tsara lissafin. Hukumar eshek ta Amurka ta karɓe shi a 1960, ta duniya, FIDE, a 1970. Kafin a fara wasa, ana kwatanta makinka da na abokin karawarka, a yi hasashen wa zai ci. In ya fi ka da 400, ana sa ran cikin maki 11 zai kwashe 10. Bayan wasa sai a gyara lambar gwargwadon yadda hasashen ya kuskure. Ga ɗan wasa na tsaka-tsaki a FIDE, in ya ka da tsaransa ya samu 10. In ya ka da wanda ya fi shi da 400 ya samu kusan 18, in wancan ya ka da shi kuwa 2 kacal zai rasa.

Ke nan lambar hasashe ce kan wasan gobe, an gina ta da wasannin jiya. Ba ta san ka kwana kana karatu ba, ba ta san yunwa kake ji ba. Kuma ba ta da ma'ana sai an jingina ta da ta wasu. Ko 2882 da Magnus Carlsen ya kai a 2014 tazararsa da ƴan zamaninsa take nunawa.

Wani zai ce, to a yar da awon mana. Ban yarda ba. In babu shi, sabon shiga zai riƙa faɗawa hannun gwani, mai baki kuma ya yi ta cika baki ba mai tsayar da shi. Awo yana da adalci, domin bai tambayar ɗan wa kake.

Matsalar tana bakinmu. Hausa ta raba "ina da" da "ni ne". Abin da kake da shi yakan ƙaru, ya ragu, kana nan. Wanda ya ce shi ne lambar, kowace faɗuwa raguwarsa ce, sai ya guji wasan da zai koya masa. Haka muke yi da makin jarrabawa: an kafa sakamako a allo, wani ya ga 8 bisa 20, ya ce shi ke nan, shi daƙiƙi ne.

Abokina har yau yana da 1800. Mu da muke ta faɗuwa muna tashi, biyu cikinmu sun fara cinye shi a kan katako, inda ba a rubuta maki.