Yaran da ke Bakin Titi Amana ce a Wuyanmu

 

'Yar'uwa, duk wadda ta ratsa Sabon Gari ko Tudun Wada ko Kusugu a garin Daura da hantsi, za ta ga samari zaune a inuwa, ba makaranta ba sana'a. Wani maraya ne, wani almajiri ne da ya girmi bara, wani kuwa kuɗin jarrabawa ne ya tsayar da shi. Haka abin yake a Mai'aduwa, Zango, Ɓaure da Sandamu. To, waɗannan yaran fa mu muka haife su, kuma su ne gobe za su zo neman auren 'ya'yanmu.

Zaman banza shi ke buɗe ƙofar shaye-shaye. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A shekarar ce aka hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Doka ta hana, amma doka ba ta koya wa yaro ɗinki ko walda.

Gaskiya ne Daura ta samu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, ga kuma Jami'ar Sufuri. Alhamdu lillahi. Sai dai yaron da bai gama sakandare ba, ƙofar kawai zai gani ya wuce. Shi abin da yake buƙata wuri ne a kusa da gida, cibiyar matasa ta unguwa, inda da safe zai koyi kafinta ko gyaran waya ko aikin lantarki, da yamma ya koyi karatu da lissafi da tsarki da salla. 'Yan mata su ma a ware masu ɓangarensu da malamai mata. Wannan aiki kuwa kuɗi yake ci, shi ya sa na zo gare ki.

Kada ki ce ai wannan na maza ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ranar Idi, bayan huɗuba, Manzon Allah (SAW) ya taka har wurin mata tare da Bilal (RA), ya kwaɗaitar da su sadaka, nan take suka riƙa cire 'yan kunne da zobba suna jefawa a tufar Bilal. Uwar muminai Zainab 'yar Jahshi (RA) jima take yi da hannunta ta sadakar da abin da ta samu. A Suratul Baƙara aya ta 261, Allah ya misalta ciyarwa dominsa da ƙwayar hatsi ɗaya da ta fitar da zangarniya bakwai, kowace da ƙwaya ɗari. Mai riƙon maraya kuwa an yi masa albishir da kusanci da Annabi (SAW) a Aljanna kamar yatsu biyu.

Nan Daura ma muna da abin lura. Marigayi Muhammadu Buhari yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa Hajiya Zulaihatu ta riƙe shi, Waziri Alhasan ya ɗauki nauyin gidan. Marayan nan ya shugabanci ƙasar nan sau biyu kafin Allah ya karɓi ransa a Yulin 2025. Wa ya san abin da Allah ya ajiye a cikin yaron da kike wucewa a bakin tasha?

Yaya za a tara? Da abin da muka saba. Mata 200, kowace ta zuba naira 500 a sati kamar adashi, an samu naira 100,000. A shekara ya haura miliyan 5. Mai gona ta ba da tiya da kaka. Mai keken ɗinkin da ya daina aiki a ɗaki ta ba da shi a gyara. In biki ya taso, a rage anko ɗaya a sa kuɗin a asusu. Da yayyafi kogi kan cika.

Amma a kiyaye hukunci, don kada garin neman lada a ɗauki alhaki. Na farko, Suratut Tauba aya ta 60 ta iyakance masu cin zakka gida takwas, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a yi gini da ita ba. Saboda haka gini da kayan aiki a yi su da sadaka da wakafi, zakka kuma a damƙa ta hannun matashin da ya cancanta ta zama jarinsa. Na biyu, kada ki ɗebi dukiyar maigida sai da izininsa. Ko a taki ma, a mazhabar Malikiyya kyautar da ta wuce sulusi tana buƙatar yardarsa. Ki shawarce shi da lafazi mai daɗi, sau da yawa shi ma sai ya ƙara nasa. Na uku, amana. Kuɗi su shiga asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, a ba kowa rasit, a karanta lissafi a gaban jama'a duk wata. Filin da aka bayar wakafi a rubuta shi gaban shaidu, da sanin liman da mai unguwa da hakimi, don kada magada su zo su ce nasu ne.

'Yar'uwa, kada ki jira sai kin yi arziki. Ki kai maganar nan Islamiyyarku a wannan satin, ku zaɓi amintattu, ku fara da ɗaki ɗaya ko da aro ne. Duk yaron da ya koyi sana'a ya ci halal ya ciyar da uwarsa, ladan zai riƙa iske ki har cikin kabari, in sha Allahu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya karɓi ɗan abin da muka bayar, ya jiƙan iyayenmu. Amin. Wassalamu alaikum.