Tuƙin Babbar Mota a Matsayin Farali na Kifaya

Malaman fiƙihu sun kasa wajibai gida biyu, wato farali na aini wanda ke wuyan kowane baligi shi kaɗansa, da farali na kifaya wanda ke wuyan jama'a baki ɗaya, idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi daga kan saura, idan kuwa kowa ya bar shi laifin ya hau kan kowa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, irin su noma da saƙa, a wannan rukuni na biyu, sa'annan Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ƙara da cewa idan mutane suka matsu da wata sana'a hukuma na iya tilasta masu ita su yi ta, amma bisa sharaɗin a biya su ujratul misli, wato ladan da ya dace da irin aikin a al'adar wurin da zamanin. Wannan sharaɗi shi ne abin da ya kamata a auna sha'anin direbobin manyan motoci da shi, domin al'umma ba ta da ikon ta ce aiki wajibi ne a kanta, ta kuma bar mai yi mata shi a cikin ƙunci.

Ƙasar Haɗejia ta isa misali. Shinkafa da alkama da tattasai da albasar da ake nomawa a fadamun Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma, da riɗin tudu, da busasshen kifin da ake tarawa daga dausayin Haɗejia da Nguru, duk a bayan mota suke fita zuwa Kano da kudancin ƙasa, tun da layin dogon da ya isa Nguru a 1930 ta Malam Madori ya daɗe da daina ɗaukar wannan nauyi. Abin da ke shigowa ma haka yake, kuma mafi muhimmancinsa shi ne mai, saboda manomin rani da ya haƙa rijiyar burtsatse a gonarsa ba ya samun ruwa sai injin ban ruwa ya tashi. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ta yi shekaru ba ta aiki, don haka fetur yakan yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a tanka kafin ya iso, kuma jinkirin tanka na 'yan kwanaki yana nufin dogon layi a gidan mai, da tsadar galan a hannun 'yan bumburutu, da shukar da ta fara yaushi a tsakiyar bazara.

A Birtaniya an ga ƙarancin direbobi a fili a 2021, lokacin da ƙungiyar masu sufuri ta ƙiyasta giɓin direbobi kusan 100,000, gidajen mai suka ƙafe a watan Satumba, har aka kira sojoji su tuƙa tankoki, kamfanonin da ke bayar da hayar direbobi kuma suka ɗaga lada. A Arewacin Najeriya lamarin ya sha bamban, domin masu neman sitiyari suna da yawa, abin da ya yi ƙaranci shi ne gwanin da ya ƙware, wanda ya yi shekaru yana karen mota, yana ɗaura tamfol, yana sa waigi a taya, yana kwana ƙarƙashin mota, kafin maigidansa ya yarda ya miƙa masa makulli. Yawan mabuƙata shi ke sa ladan gwanin ya faɗi, domin mai mota ya san idan wannan ya ƙi akwai goma a bakin tasha. Tsakanin mai kaya da direba kuma akwai ɗan kamasho, wanda ke haɗa lodi da mota ya cire la'adarsa tun kafin taya ta motsa. Sana'arsa halal ce, malamai sun yarda da ladan dillali, sai dai shi nasa rabon tabbatacce ne, na direba kuwa yana rataye ga lafiyar hanya.

A nan tambayar falsafa take: shin yardar mutumin da yunwa ta koro ta wadatar wajen mayar da ciniki adalci? Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta wannan ƙasa, ta shardanta a ijara, wato ƙulla hayar aikin mutum, cewa lada ya zama sananne, aikin ma ya zama sananne, don guje wa garari, wato rashin tabbas da ke kai ɗaya ɓangaren ga asara. Direban da ake biya bisa tafiya, aka auna masa man gas daidai wa daida, bai san kwana nawa zai yi a layin depo ba, bai san shinge nawa zai tsaya ba, bai kuma san ko ambaliya irin ta 2022 za ta yanke hanya ba. Idan kwanakin jira ba su da lada, to aikin da ya sayar ba shi da iyaka alhali kuɗin na da iyaka, kuma mafitar da ta rage masa ita ce gudu da hana ido barci. Gaskiya ne littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya yarda mai jirgin ruwa ba ya karɓar kuɗin haya sai ya isar da kaya, amma shi mai jirgin ne, ribar tasa ce, kuma littafin ya ɗauke masa lamunin abin da ya salwanta. Direban yau sau da yawa ana cire masa kuɗin buhun da ya jiƙe ko litar da ta yi giɓi, alhali ba shi da kaso a riba, wanda hakan ya saɓa wa ƙa'idar da ke cewa ɗaukar asara yana tafiya tare da cin amfani.

Masu motoci suna da hujjarsu, kuma ba ta wasa ba ce. Man gas ya ninka kuɗinsa a 2022, sa'annan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar naira sun ɗaga farashin taya da kayan gyara, har ƙungiyar masu motoci ta NARTO ta janye tankokinta na ɗan lokaci a Fabrairun 2024 saboda kuɗin dako ba ya biyan ɗawainiya. Wasu kuma kan kawo hadisin da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙi ƙayyade farashi a Madina. Sai dai matsin da mai mota ke ciki hujja ce ta a ƙara kuɗin dako a kan mai kaya da mai saye, ba ta halatta a sauke nauyin a kan wanda ya fi kowa rauni ba, kuma malaman Malikiyya da dama sun yarda hukuma ta sa baki idan cutarwa ta game jama'a.

Girman wannan cutarwa ya bayyana a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗejia, a daren 15 ga Oktoba 2024, inda tankar fetur ta faɗi, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi ta halaka fiye da mutum 150. An yi wa'azi mai yawa a kan haramcin ɗibar dukiyar wani, kuma wa'azin daidai ne, amma kaɗan ne suka yi magana a kan sharuɗɗan da ake ɗora wa mutumin da ke jan dubban litoci cikin dare ta tsakiyar garuruwa. Ujratul misli ta irin wannan aiki dole ta ƙunshi ladan kwanakin jira, da direba na biyu a doguwar tafiya, da rubutacciyar yarjejeniya a kan wanda zai biya giɓi, kuma ƙungiyoyin direbobi da masu motoci da hukumar Hisba ta Jigawa da malaman masarautar Haɗejia suna da ikon zama su tsayar da wannan a tashoshinsu ba tare da jiran doka daga Abuja ba.