Doka Da Halin Mutum

Kowace Jiha daga cikin Jihohi 36 na Nijeriya tana da Majalisar Dokokinta. Tsarin Mulki na 1999 ya ce wakilanta kada su kasa 24, kada kuma su wuce 40. Babban aikinsu shi ne duba shirin doka, watau maganar da a ke so ta zama doka amma ba ta zama ba tukuna. Yau a kawo shiri a kan asibiti, gobe a kan makaranta, jibi a kan kiwo ko kasuwa ko aure. A kan karanta shirin sau uku, a tsakani a ba wani kwamiti ya tankaɗe shi, ya ji ta bakin jama'a. In Majalisa ta yarda sai a kai wa Gwamna, yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na wakilai suka sake yarda, shirin ya zama doka ko ba hannunsa.

To, a nan akwai tambaya wadda ta girmi Majalisa, ta girmi takarda ma. Shin kowane abu mai kyau ya kamata a mai da shi doka, a tilasta wa mutane yinsa?

Waɗansu sun ce i. Hujjarsu ita ce ɗan Adam mai son ransa ne, in an bar shi da nasiha kaɗai sai ya ji, ya gyaɗa kai, ya koma gida ya yi abin da ya saba. Waɗansu kuwa sun ce a'a. Suka ce alherin da mutum ya yi don tsoron ɗauri ba nasa ba ne, na ɗan sanda ne, ran da ɗan sanda ya juya baya alherin ya tafi tare da shi. Kowane ɓangare yana da gaskiya, amma ba wanda ya tattara ta duka.

Ga misali. A cikin 2024 Gwamnan Kano ya sa hannu a dokar da ta ce kada a ɗaura aure sai saurayi da budurwa sun je likita ya auna jininsu. A kan duba cutar ƙanjamau, da ciwon hanta, da kuma irin jinin kowa saboda amosanin jini, wanda a ke kira sikila. Mutum yana iya ɗauke da irin wannan cuta a jininsa alhali kuwa lafiyarsa lau, bai ma sani ba. Amma in miji da mata duka suna ɗauke da shi, kowane ciki da matar ta yi akwai tsoro ɗaya cikin huɗu a haifi ɗa mai cutar. Wanda ya taɓa kwana a zaune da irin wannan yaro, ƙasusuwansa suna ciwo, yana kuka har asuba, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Wani zai ce, “Aurena ne, 'yata ce, ina ruwan Majalisa?” Amsa ita ce akwai mutum na uku a cikin maganar, wanda ba a yi shawara da shi ba, ba ya kuwa iya zuwa wurin ɗaurin aure ya faɗi ra'ayinsa, watau ɗan da za a haifa. Abin da cutarsa ta tsaya a kan mai yinsa, nasiha ta fi dacewa da shi. Amma abin da cutarsa za ta faɗa a kan wani marar ƙarfi, marar baki, nan ne doka ta ke da hurumi. Ba don ta gyara zuciyar mai ƙarfi a ke yinta ba, don ta tsare marar ƙarfi ne kafin zuciyar ta gyaru.

Duk da haka masu cewa a'a ba su faɗi ƙasa ba. Takardar likita tana iya nuna wa mutum gaskiya, amma ba ta iya sa shi ya so ta. Wanda bai gane amfanin awon ba zai nemi hanyar samun takarda ba tare da an taɓa jininsa ba, ya kuwa sami mai sayar masa. Ka ga an cika doka a takarda, yaro kuwa yana nan zai sha wahalarsa. Saboda haka dokar da ba a yi mata share fage da wa'azi da bayani ba, kamar shuka ce a kan fako.

Akwai kuma wani abu da masu shirin doka su kan manta. Doka igiya ce mai baki biyu, in ta ɗaure talaka ta ɗaure hukuma. A cikin 2004 aka yi dokar Tarayya wadda ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne, tilas ne kuma a kan kowane yaro, Jihohi suka bi da nasu dokokin. Niyya ta yi kyau ƙwarai. Amma in an kama uba don bai kai ɗansa makaranta ba, aka je makarantar aka tarar ba rufi, ba malami, to, wa ya fara karya doka? Haka nan in an ce a auna jini, asibiti kuwa tafiyar yini ce, kuɗin awo ya fi ƙarfin manomi, an ɗora masa kayan da ba shi da gammonsu. Dokar da ba ta yiwuwa tana koya wa mutane raina doka, sa'an nan rainin ya bi ya shafi dokokin da ke yiwuwa.

Wani lokaci kuma shiri ya kan zo a tsakanin mutum biyu, kowa da hakkinsa. A cikin 2017 Jihar Binuwai ta yi dokar hana kiwon sake, ta ce a killace dabbobi. Manoma suka yi murna, don sun daɗe suna kukan ɓarnar gonaki da asarar rayuka. Makiyaya suka yi kuka, suka ce an toshe musu hanyar abincin da suka gada tun kaka da kakanni. A irin wannan wuri yawan ƙuri'a kaɗai ba ya mai da doka ta zama adalci. Wajibi ne a kira wanda abin zai fi yi wa ciwo, a saurare shi tun shirin yana ɗanye, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Saboda haka kowane shiri ya zo, ko na lafiya ne ko na ilmi ko na gona, ya kamata a auna shi da tambaya uku. Wa zai cutu in ba a yi shi ba? Talaka yana iya binsa, hukuma kuma ta shirya sauke nata nauyin? An ji ta bakin wanda zai fi ɗaukar nauyinsa?

Wannan awo ba na wakilai kaɗai ba ne. Mutumin da ya yi yaƙi da jahilci har ya iya karatu da rubutu ya sami abin da kakansa bai samu ba. Yana iya neman shirin ya karanta, ya karanta wa maƙwabtansa, ya rubuta wa wakilinsa takarda, ko ya je ran da kwamiti ke jin ra'ayin jama'a ya yi magana cikin ladabi. Gyaran shiri kalma ɗaya ce a kan takarda. In ya riga ya zama doka, gyaransa ya kan ci shekaru, kafin nan kuwa waɗansu sun sha ɗauri, waɗansu sun yi asara.