Wa Ke Riƙe da Makullin Zaure?

A ranar 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, duk mai ciniki ta waya ya ji a jikinsa. Wata huɗu kafin nan, Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, ba a sake shi ba sai 13 ga Janairu, 2022. Sau biyu a shekara guda aka tuna mana cewa zauren da muke hira a cikinsa ba namu ba ne. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Akwai mafita, kuma ba sabuwa ba ce. Tun 2014 aka fito da tsarin Matrix, wanda ke ba kowa damar kafa tasa sabar, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonni tana ajiyewa tana rarrabawa. Sabar ɗinka na iya magana da ta wani, kamar yadda mai Gmail ke aika wa mai Yahoo wasiƙa, ba tare da wani kamfani guda ya zama uban kowa ba. Gwamnatin Faransa ma a kan wannan tsari ta gina Tchap, manhajar hirar ma'aikatanta.

To, a ce matasan wani layi a Gyaɗi-Gyaɗi sun yi karo-karo. Sun sayi kwamfuta ta hannu, sun haɗa mata sola da batir saboda halin wutarmu, sun yi rajistar adireshin intanet, sannan ɗaya daga cikinsu, mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre, ya ɗora mata manhajar Synapse. Aikin hannu ya ƙare a yini ɗaya. Abin da ya rage shi ne saiti, kuma kowane layi na saitin hukunci ne a kan mutane. A buɗe rajista ga kowa, ko sai wanda aka sani? A haɗu da sauran sabobin duniya, ko a rufe ƙofa? A ajiye tsofaffin saƙonni har abada, ko a riƙa sharewa? Wanda ke amsa waɗannan tambayoyi ya zama mai gida, ko da bai nemi girman ba.

A nan gizo ke saƙa. Ko an kulle saƙonni ta yadda sai mai aikawa da mai karɓa ne kaɗai za su karanta, mai kula da sabar yana iya ganin wa ya yi magana da wa, da ƙarfe nawa, sau nawa. Ga ma'aikacin wani kamfani a Amurka, wannan lambobi ne kawai. Ga ɗan layinku, labari ne cikakke: ya san matar wane ce, ya san ɗan gidan wa ke aika mata saƙo da tsakar dare, ya kuma san wanda zai biya don ya ji. Mun gudu daga baƙon da ba ya jin kunyarmu, mun faɗa hannun makwabcin da ya san sunan kakarmu. Wanne ya fi hatsari?

Duk da haka, ina ganin na kusa ya fi. Ba don ya fi tsoron Allah ba, sai don ana iya kama hannunsa. Kamfanin ƙetare in ya rufe maka shafi, sai dai ka cike fom ka jira. Makwabci kuwa akwai mahaifinsa, akwai limamin masallacinku, akwai mai unguwa, akwai majalisar da zai ji nauyin zama a cikinta gobe. In kuma ya ƙi gyaruwa, kuna iya kafa wata sabar ku ci gaba da hira da mutanen da kuka saba. Ikon da ake iya tuhuma, ake kuma iya bari, ya fi ikon da ba a san ƙofar gidansa ba.

Sai dai wannan fifiko yana da sharaɗi. Mai riƙon sabar ya faɗa wa jama'a tun farko abin da idonsa ke iya kaiwa gare shi. Kada makullin ya zauna a aljihun mutum ɗaya. Kada a tara bayanan da ba a bukata, domin abin da ba a ajiye ba, ba mai sace shi, ba kuma mai tilasta maka ka miƙa shi.

Kada kuma mu ruɗi kanmu da sunan 'yanci. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, mai sabarsa da marar ita duk shiru suka yi wa na nesa, domin hanyar ta wani ce. Abin da kafa sabar ke bayarwa ƙarami ne, amma na gaske ne: yana mayar da sirrin mutane hannun wanda suke iya kallo ido da ido. Saboda haka, kafin a tambayi wa ya iya kwamfuta a layinku, a fara tambayar wa ya iya gani ya kame bakinsa.