Rawanin Aro a Birnin Yamai

Daren da Auta zai tashi zuwa Yamai, kawunsa ya sa aka kawo jakar yaron, ya zazzage ta a kan tabarma. Kawu ya daɗe yana fatauci tsakanin Kano da Nijar. Yanzu ciwon ƙafa ya zaunar da shi, shi ya sa ya aiki ɗan ƙanwarsa ya kai saƙo ga wani amininsa, Alhaji mai rumfar shadda a Babbar Kasuwa.

Ya ture shadda mai sitaci gefe, da agogo mai walƙiya, da takalma ƙafa uku. "Watan Afrilu ne, zafin can yana haura digiri 40," in ji shi. Ya bar masa kaftani biyu marasa nauyi, da hula, da silifas, da gorar ruwa. Ya ce takardun shaida su zauna a aljihun ciki, naira kuma a canza ta zuwa sefa tun a Maraɗi.

"In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Ka yi shiga irin ta mutane, don kada ka tsone wa kowa ido. Amma kai baƙo ne, kada ka ji kunyar hakan. Ka yi sallama, ka yi tambaya."

Auta ya ce, "To, Kawu." Rabin farko na maganar kawai ya riƙe.

Ya bi ta Katsina da Jibiya ya sauka Maraɗi. A tasha wani matafiyi ya tsorata shi, wai a Yamai da zarar an gane kai ɗan Najeriya ne, sai a ninka maka kuɗin komai. Nan take Auta ya sayi rawani, ya naɗa irin na Abzinawa, ya ja amawali har karan hanci. Ya ƙudurta ba zai buɗe baki ba sai dole, kada harshen Kano ya tona shi. Haka ya yi gum, mota ta ratsa Birnin Ƙonni da Dogondutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 600.

Tasin Yamai ta haɗaka ce. Kana faɗa wa direba inda za ka ta taga, in hanyarsa ce ya ɗauke ka. Auta bai faɗa ba. Ya ga wani ya shiga, shi ma ya faɗa bayansa, a zatonsa duk hanya kasuwa ta nufa. Sai ga su a kan Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, kogin Kwara shimfiɗe a ƙasa, birni yana komawa baya. A Harobanda aka sauke shi, kusa da Jami'ar Abdu Mumuni.

Wani dattijon Ba'abzine ya hango rawanin, fuskarsa ta washe, ya miƙo hannu yana gaishe shi da harshensu. Auta ya kau da kai ya wuce. A ganina nan ne ya fi yin ɓarna, don ɓatan hanya kansa kaɗai ya cutar, amma wannan dattijo ya tafi da zaton ɗan'uwansa ne ya wulaƙanta shi.

Yunwa ta kai shi gaban wata tsohuwa Bazabarma mai sayar da dambu da zogale. Ya nuna kwano da yatsa. Ta zuba, ta yaryaɗa mai, ta barbaɗa yaji, ta ce, "Dala arba'in." Ya miƙa mata tsabar sefa hamsin, ya tsaya jiran canji. Bai san a Nijar da dala ake lissafi ba, kowace dala sefa biyar, kuɗin dambunsa sefa 200 ke nan.

Tsohuwa ta dubi kuɗin, ta dube shi. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙa masa.

"Sha tukuna, ɗana. Mi kake biɗa a garinmu?"

Ba a shan ruwa da amawali a baki. Auta ya sauke shi, ya sha, sannan ya faɗa mata komai.

"Tun daga nesa na san baƙo ne kai," ta ce. "Ɗan gari ba ya wuce tsofaffi bai gaishe su ba. Wa ya ce maka nan ana gudun baƙo? Dubi titin nan da kyau."

Ya duba. Ga Bafulatani da malafa, ga ɗalibai da riga da wando suna Faransanci, ga mata da atamfa da mayafi, ga masu kaftani irin wanda ke jikinsa. Gaskiyar tsohuwa ce. Yamai ƙaramin gari ne kafin Turawan Faransa su ɗauke hedikwata daga Damagaram su kawo ta nan a 1926, kuma zuwan mutane daga ko'ina ne ya raya ta. Kayan da Kawu ya zaɓa masa sun ishe shi ya saje da kowa.

"Inna, ki yafe ni," in ji Auta. Ya cika mata kuɗinta. Ta koya masa ya riƙa cewa "fofo" in ya iske Zabarmawa, ta kira jikanta ya tsayar masa da tasi. Wannan karon Auta ya leƙa taga ya yi sallama, ya faɗi inda za shi da Hausarsa ta Kano.

Bayan la'asar ya isa rumfar Alhaji. Da ya ji labari, Alhaji ya karɓi saƙo, ya tambayi ƙafar amininsa, sannan ya ce, "Gobe ka bi yarona kasuwar Katako ka koyi ƙidayar dala. In kun gama, ku haye gada ku nemi dattijon nan ka ba shi haƙuri."