Shekarun Ɗan Koyo: Na Sana'a Ne Ko Na Maigida?

A shekarar 1563 majalisar Ingila ta yi dokar da ta hana mutum kama sana'ar hannu da kansa sai ya yi aƙalla shekara bakwai a hannun wani gwani. An soke wannan sharaɗi a 1814, amma al'adar ta fi dokar tsawon rai. Har cikin ƙarni na 20, yaron da yake son zama mai rubutun alluna, wato mai zana sunayen shaguna da na motocin kaya da burushi, yakan shafe shekaru yana bin maigidansa. Farkon zamansa shara ce, da goge katako, da dama fenti, da wanke burushi. Sai an jima kafin a bari ya ɗora harafi a kan allon da za a karɓi kuɗinsa.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta, da zarar mun ji irin wannan labari sai mu ɗaure fuska. A wata tarbiyya daban muka tashi. Richard Stallman ya fara aikin GNU a 1983, Linus Torvalds ya saki Linux a 1991, kuma daga nan muka gaji ra'ayin cewa ilimi abu ne da ake bajewa a fili kowa ya ɗiba. Da yawanmu mun koyi rabin abin da muke ci da shi daga rubutun mutanen da ba mu taɓa gani ba. Shi ya sa tambayar take damunmu: shekarun nan da ɗan koyo yake zubarwa, sana'ar ce take buƙatarsu, ko kuwa maigida ne yake cin gumin yaro da sunan horo?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san me ake koya.

Mai rubutun allo yana aiki da burushi mai dogon gashi, yana jingina hannunsa a kan wata siririyar sanda mai dunƙulen fata ko ƙyalle a kai, don kada hannun ya taɓa ɗanyen fenti. Kowane harafi bugu kaɗan ne, kuma kowane bugu sau ɗaya ake jan sa. Idan ya zo kwana, sai ya murza burushin tsakanin yatsunsa yayin da hannu yake tafiya. Idan fentin ya yi kauri burushi ya ƙi tafiya, idan ya yi ruwa ya zubo. Harafin O dole ya ɗan zarce layi sama da ƙasa, in ba haka ba ido zai gan shi ƙarami kusa da H. Tazarar da ke tsakanin haruffa ma da ido ake auna ta, don A da V suna shiga jikin juna, H da I kuwa suna neman sarari.

Aikin zinare ya fi wannan tsanani. Ana sayar da fallen zinare a ɗan littafi mai falle 25, kowanne faɗinsa kamar santimita 8, kaurinsa kuwa kusan kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita. Numfashi ma yana iya tashi da shi, yatsa kuma yana taɓa shi ya watse. Ana ɗaukarsa da wani faffaɗan burushi na gashin kurege, bayan an ɗan shafa shi a kumatu don ya ɗauki maiƙon fata. A kan katako ko ƙarfe, ana fara rubuta haruffan da wani gam mai maiƙo, a jira shi ya kusa bushewa. Akwai na awa 3, akwai na awa 12, amma zafi da laimar ranar suna canza lissafin. Gwani yakan taɓa da bayan yatsa ya ji irin danƙon da ya rage. Wanda ya yi gaggawa, gam ya shanye zinaren ya dusashe. Wanda ya makara, zinaren ya ƙi kamawa.

A kan gilashi kuma ta baya ake aiki. Ana narkar da ɗan jelatin a ruwan ɗumi, a kwarara a jikin gilashin, a ɗora fallen yana jiƙe. Idan ya bushe sai a goge da auduga ya koma kamar madubi. Daga nan a rubuta haruffan da fenti a bayan zinaren, a juye, daga dama zuwa hagu, sannan a wanke duk zinaren da fenti bai rufe ba.

Mai karatu ya lura: cikin minti biyu mun faɗa masa yadda ake yi. Amma da za a ba shi burushi yanzu, ko mu da muka rubuta aka ba mu, ba abin da zai fito sai asarar zinare. Amsar tambayarmu tana cikin wannan tazara. Ilimin sana'a kashi biyu ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Kashi na farko shi ne abin da baki zai iya faɗa: yawan jelatin a ruwa, irin gam, inda ake sayen kaya, jerin matakai. Gwanin da ya ɓoye wa yaronsa wannan har shekaru, rowa ce ya yi, ko da ya kira ta tarbiyya. Kuma an yi hakan. A 1975, a birnin Denver na Amurka, wasu matasa 'yan koyon rubutun allo suka fara haɗuwa suna koya wa juna dabarun da suka tsinto, har da tsofaffin hanyoyin aikin zinare da suka tono daga littattafai. Daga zamansu aka sami ƙungiyar Letterheads, wadda har yau take taruka a ƙasashe da dama. A wannan gaɓa muna tare da su ɗari bisa ɗari, don abin da suka yi shi ne abin da muke yi da manhaja.

Kashi na biyu shi ne abin da ko gwanin ya so bayarwa ba zai iya miƙawa ba. Bai san da wace kalma zai kwatanta danƙon da yatsansa yake ji ba. Abin da zai iya shi ne ya kama hannun yaro ya taɓa gam ɗin, ya ce "bai yi ba", bayan awa guda ya ce "yanzu ya yi", a maimaita haka a rani da hunturu har jikin yaron ya haddace. Wannan jiran ba maigida ne ya ɗora shi ba. Shi ma haka ya biya.

Ko a fagenmu akwai shaida. A ƙarshen shekarun 1970 Donald Knuth, ɗaya daga cikin manyan masanan kimiyyar kwamfuta, ya ƙirƙiri Metafont don ya bayyana siffar haruffa da lissafi. Harafin S ya ba shi wahalar da har a 1980 ya wallafa maƙala guda a kansa shi kaɗai. Lanƙwasar da hannun mai rubutun allo yake ja cikin daƙiƙu, sai da ta tsayar da babban masanin lissafi. Ya ci nasara daga baya, amma ya nuna mana yawan sanin da yake kwance a hannu ba tare da an taɓa furta shi ba.

To ta yaya za a gane jiran gaskiya daga bautarwa, tunda duka biyun haƙuri ake ce wa yaro ya yi? A ganinmu a dubi aikin da ake sa shi. Wanke burushi yana koya masa yadda gashi yake kwanciya, da abin da fenti yake yi idan ya bushe a gindinsa. Goge katako yana koya masa dalilin da zinare yake tona duk wani ƙurji da ke ƙarƙashinsa. Aiken cefanen gidan maigida kuwa ba ya koya masa komai game da harafi. A kuma dubi ko akwai idon da ke kallonsa, don wanda ya ja layi dubu ba mai gyara masa, kuskurensa ya haddace. Sannan a tambaya ko akwai ranar yaye da kowa ya sani. Wannan ma'auni bai tsaya a Ingila ba. Duk wanda ya san garejin makanikai ko shagon tela a garuruwanmu ya ga yaron da aka yaye da hannu mai kyau, ya kuma ga wanda ya girma a bakin shago bai wuce aike ba.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye. A farkon shekarun 1980 kamfanin Gerber na Amurka ya fito da na'urar da kwamfuta take sarrafawa, mai yanka haruffa daga leda mai gam. Cikin 'yan shekaru shagunan rubutun hannu da yawa suka rufe ko suka koma na'ura. Ba za mu yi kukan munafunci a kan wannan ba, don mai ƙaramin shago ya sami allo da araha kuma da sauri. Haka ya faru a nan lokacin da injin buga bana ya shigo, masu rubutun shaguna da fenti suka ragu. Abin lura shi ne irin aikin da na'urar ta fara ɗauka. Allon zinare na ƙofar banki ya daɗe a hannun gwanaye. Abin da ya fara tafiya shi ne ƙananan ayyuka, allon farashi da lambar ƙofa da alamar hanya, kuma a kansu ne ɗan koyo yake yin kuskure mai araha har hannunsa ya faɗa. Gwanaye suka ci gaba da aiki har tsufa, bayansu kuwa ba kowa.

Irin wannan yankewar ba ta da ƙara. A jerin sana'o'in da ke cikin haɗari wanda ƙungiyar Heritage Crafts ta Birtaniya ta fara fitarwa a 2017, an sa bugun zinare ya zama falle cikin waɗanda suka mutu a ƙasar. Bayanin yadda ake yi yana nan a rubuce. Masu aikin zinare na Ingila dai daga waje suke sayen fallensu. Rubutun allo shi ya tsira, har ya sake samun kasuwa, don an sami tsofaffin da suka yarda su koyar da matasan da suka yarda su jira.

Yau ƙirƙirarriyar basira tana rubuta irin manhajar da muke ba sababbin ma'aikata: gyaran ƙaramin kuskure, ɗan gwaji, shafi mai sauƙi. A kan waɗannan muka koyi jin cewa tsari zai ba da matsala tun kafin mu iya faɗin dalili, kuma wannan jin shi ne bayan yatsanmu. Idan muka miƙa wa na'ura dukkan aikin ɗan koyo don ta fi sauri, mun ci ribar yau da kuɗin waɗanda ya kamata su gaje mu.

Saboda haka hukuncinmu a kan shekarun ɗan koyo shi ne: wani kaso nasu na sana'a ne, ba mai iya yafe shi, kuma yaron da ya ƙi biya kansa ya cuta. Sauran kuwa amana ce a wuyan gwani. Ya faɗi duk abin da baki zai iya faɗa tun ranar farko. Ya ajiye wa yaro ƙananan ayyuka ko da na'ura ta fi shi sauri, ya jure asarar fallen zinaren da zai lalata, ya zauna kusa yana gyara. Wanda ya karɓi sana'a daga hannun wani, da bashi ya fita, kuma wanda ya koya masa ba shi ake biya ba. Ana biyan yaron da ya zo yana shara a bakin ƙofa.