Sallama a Sararin Samaniya

Kwanan baya wani ɗan yayana mai karatun injiniya ya same ni a gida, nan Wunti, riƙe da ɗan jirgin sama da ya ƙera da hannunsa. Na'urorin sarrafa shi iri biyu ne a gabansa: tsohuwa mai doguwar eriya, wadda ya samo wajen wani mai gyaran rediyo a kasuwa, da sabuwa wadda sai ya tara kuɗi kafin ya mallake ta. Ya ce, "Baffa, wacce zan ɗauka?" Ni malamin adabi ne, amma da ya yi mini bayaninsu sai na ga lallai tambayar ta shafi ɗabi'a.

Tsohuwar na'ura a kan zango guda take aiki. A Ingila an ware wa irin waɗannan jirage megahaz 35, a Amurka kuwa 72. Idan mutum biyu suka kunna a zango ɗaya, jirgin da ke sama sai ya ji umarnin iyayengiji biyu, ya rikice, ya faɗo. Saboda haka masu wannan sha'awa suka riƙa kafa allo a bakin fili, kowane zango da ɗan maƙalinsa. Ba mai kunnawa sai maƙalin yana hannunsa, in kuwa wani ya riga shi, sai ya jira.

Sabuwar, wadda ta fara yaɗuwa wajen 2005, tana aiki a gigahaz 2.4. Ana ɗaura jirgi da na'urarsa tun a ƙasa, ba ya kuma sauraron wata. Wasu ma tsalle suke yi daga zango zuwa zango, dabarar da Hedy Lamarr da George Antheil suka yi wa rajista a 1942. Jirage da yawa kan tashi tare, ba mai neman izinin wani.

To, idan na'ura ta ɗauke wa mutum wani wajibi, shin halin kirkin da wajibin ya haifar zai ɗore? Allon nan makaranta ce. Yana koya wa matashi cewa sararin sama na kowa ne, kuma ɗan yatsansa na iya rusa aikin da wani ya yi watanni yana yi. Tamkar sallama ce a ƙofar zaure.

Duk da haka, ba daidai ba ne a riƙe haɗari don a tsare ladabi. Wanda ya yi haka ya yi kama da mai ƙin magani don kada a daina gaida marar lafiya. Jirgin da ya ƙwace bai san kan yaro ba. Shi ya sa na ce masa ya ɗauki sabuwar.

Sai dai na ƙara masa da cewa abin da ta kawar shi ne karon umarni da umarni kawai. Ba za ta hana shi ratsawa ta saman tsakar gidan maƙwabci ba, a unguwa irin tamu da katanga ke jingine da katanga, balle in ya maƙala wa jirgin kyamara. A 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya ta hana tayar da jirage marasa matuƙi sai da izini. Inda kunya ta janye, doka kan shigo, ita kuwa doka sai an kama mutum take aiki.

Masu iya magana sun ce zamani riga ne. Haka ne, amma mai rigar shi ake tambaya in an yi ɓarna. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Baffa, ke nan allon yana nan, sai dai yanzu ni zan riƙa ɗauke da shi." Na ce masa ya fara neman izinin hukuma, ya nemi fili a bayan gari, in ya tarar da mai gona ya yi masa sallama kafin ya kunna.